Ɓoyon Baban Nana

Assalamu alaikum 'yan'uwa, na nan Sabha da na gida. Ni ce Habsu mai tuwo, ta unguwar Hajara. Duk wanda ya taɓa sauka a gidan 'yan Matamaye ya ci tuwona, kuma ya san bakina ba ya ɓoye abin da ke cikina. Kun yi ta kira kuna tambayar jikin maigidana, Baban Nana, ni kuma na gaji da ba da labari guntu-guntu a waya. Yau zan faɗe shi gaba ɗaya, don kada abin da ya same mu ya sami wani. Wanda zai ji haushi ya ji, ni na riga shi ji.

Baban Nana aikin gona yake yi a Samnu, wajen wani Balarabe mai dabino da albasa. Ran Alhamis yake zuwa gida, ya koma Asabar. Ƙafarsa ita ce jarinsa. Shi ke hawa dabino, shi ke bin layin ruwa daga safe har yamma, kuma da ƙafar nan ake ciyar da 'yarmu Nana da kakarta can gida. Wannan Alhamis ɗin da la'asar motar gona ta sauke shi a bakin babban titi, daidai inda mazanmu ke tsayawa da shebur da guduma suna jiran mai ɗaukar lebura. Ya saɓa buhun albasar da ya kawo mini, ya tsallaka rabin titi, wata mota ta fito ta kwashe shi.

Ni ban gani ba, ina bakin murhu. Abin da na gani shi ne baro. An turo mijina cikin baron siminti, ƙafarsa ta dama tana lilo, wando ya jiƙe da jini, maza sun kewaye shi suna waige-waige kamar waɗanda suka sato shi.

"A rufe ƙofa!" in ji Kawu Manzo. Shi ƙanen mahaifin Baban Nana ne, shi ne babba a gidan, rabin mutanen da ke ciki ma shi ya kawo su ƙasar nan.

Na ce, "Kawu, asibiti fa?"

Ya ce, "Asibiti da wace takarda? Ikamarsa ta mutu tun bara, ke ma kin sani. So kike daga gadon asibiti a wuce da shi gidan kaso, daga can a watso shi Agadas?"

Gaskiya ne takardar zamansa ta ƙare, ba mu sabunta ba. Na tambayi waɗanda suka turo shi, na ce mai motar fa, ya gudu?

Ɗayansu ya ce, "Ina! Ya tsaya. Ya fito yana ihu, wai kada a taɓa shi, a jira murur. Mu kuwa muna jin an ambaci murur muka sunkuce shi."

Murur su ne 'yan sandan hanya. Mutumin yana faɗa yana haki yana duban sauran, irin na wanda ya yi abin a yaba masa. Baban Nana kuma daga cikin baro, haƙora a cije, ya ce, "Na ce masa ya tafi abinsa, na yafe."

Oh ni Habsu! Mutum yana kwance a kwalta, ƙashinsa a waje, abin da ya fara zuwa bakinsa yafiya.

Kafin magariba Kawu ya kawo maɗori. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin ya yi suna, na san masu karaya da ya ɗora suka miƙe. Amma ta Baban Nana ba irin waccan ba ce, ƙashin ƙwauri ne ya huda fata ya leƙo. Maza suka danne shi, maɗori ya ja, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ya wanke da ruwan zafi, ya shafa wani baƙin magani da man shanu, ya jera tsagin reshen dabino, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure tamau da igiya. Ya ce kada a kwance, kada ruwa ya taɓa, sai ya dawo.

Satin farko babu wanda ya huta a ɗakin nan. Baban Nana mutum ne mai cin zafi, kunama ta sha harbinsa a gona bai bar aiki ba, amma ga shi yana cizon matashi yana kiran sunan Allah. Yatsun ƙafar suka kumbura sumul. Na ce wa Kawu ɗaurin nan ya yi yawa, a ɗan sassauta. Ya ce zafin alamar ƙashi na kamawa ne, in bar aikin maza.

Shawara kuwa ba a magana. Surukata ta aiko da saƙon murya daga gida, a ba shi romon ƙafar saniya. Gwaggonsa ta ce nonon raƙumi. Wani ƙanensa da ke Tarabulus ya ce a sayi kafso mai ja da ɗorawa a farmasi, a ba shi safe da yamma. Wani ya kawo rubutu a gora. Duk na yi, wallahi babu wanda na bari. Cikin masu shawarar nan kaf babu wanda ya ce a kai shi likita ya gani.

Kawu ya kafa doka: babu mara lafiya a gidan nan. Masu sayen tuwo a bakin ƙofa ake miƙa musu, ba a shigowa. A kwanakin na sha jin ana buga ƙofa, Kawu ya fita da kansa, ya ja ƙofar a bayansa, in ji ana Larabci ƙasa-ƙasa, ya dawo. In na tambaya sai ya ce, "Masu neman lebura ne." Ni kuma hankalina yana kan mara lafiya, ban bi ba.

Sai ranar da Baban Nana ya ce zafin ya ragu. Gida ya ɗauki hamdala, Kawu har ya ce mini, "To kin gani, uwar gardama?" Ni kuwa na taɓa yatsun na ji su sanyi ƙalau, sun yi duhu. Na mintsini babban yatsan da ƙarfi, ina kallon fuskarsa. Ko motsi bai yi ba. Washegari wari ya fara, irin na naman da aka manta a leda. Zazzaɓi ya rufe shi, ya fara magana da mahaifinsa da ya rasu tun muna gida.

Ran Juma'a na jira maza suka tafi masallaci. Na ɗauki wuƙar da nake yanka albasa na datse igiyar. Abin da na gani a ƙarƙashin tsumman nan ba zan rubuta ba, akwai masu karantawa suna cin abinci. Na fita ko takalmi babu, na tare taksi, matan gidan suka kama mini tabarma muka sa shi a baya.

A ƙofar asibiti mai rubuta suna ya tambaye ni me ya same shi. Larabcina na kasuwa ne, na tumatir da albasa, amma na iya cewa mota. Ya ce ina takardar murur? Na ce babu. Ya ɗaga waya. Na ce shi ke nan, abin da Kawu ya faɗa ya tabbata, da hannuna na kawo shi. Aka ajiye mu a baranda cikin layi, ga masu tari, ga masu ciwon ciki, kowa ya toshe hanci yana matsawa daga gare mu. Muna nan har la'asar. Da likita ya zo ya ɗaga zanen, sai ya daka tsawa yana nuna shaidar igiya a fatar. Ban fahimci kalmomin ba, amma na gane faɗa yake yi. Nan take aka shiga da shi, aka sa masa ƙarin ruwa.

Ɗan sandan murur da mai rubuta suna ya kira ya zo. Na miƙe ina jiran ya ce ina ikama. Ya dubi Baban Nana, ya dube ni, ya ce, "Na Hajara ne? Mai albasa?" Na ce e. Ya tafa hannu ya yi salati, ya fita yana waya. Ikamar da muka ɓoye mutum saboda ita, a ƙarshe ya tambaya, na ce ta mutu, ya rubuta, ya wuce zuwa wata tambayar.

Ba a jima ba wani dattijon Balarabe ya shigo da sauri, da farar riga da sanda. Haji ake ce masa. Ya yi fataucin Agadas yana saurayi, yana jin Hausa irin tasu.

Ya ce, "Ke matar shi? Ni baban mai mota. Mu zo gida naku. Mu zo, mu koma, mu zo. Tsoho ya ce babu. Ya ce ba sani shi."

Na ce, "Haji, wane tsoho?"

Ya kwatanta mini Kawu Manzo har da hularsa.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ɗansa Muftahu, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shi ya buge Baban Nana. Da aka gudu da wanda ya buge, sai ya tuƙa motar ya kai kansa wajen murur, don haka suke yi a nan, wanda ya buge mutum ba ya kwana a gidansa. Aka tsare shi, aka tsare motar, tunda ba a san ko mutumin yana raye ko ya mutu ba. Tun daren farko dangin suka bazu suna nemanmu. Sun zaga asibitoci, sun leƙa har ɗakin ajiye gawa. Sun riga sun yi magana da wata kilinik ta kuɗi, sun ce ko Tarabulus ne za su kai shi, su biya. Haji ya ce a al'adarsu jinyar wanda ka buge a wuyanka take, kai da danginka, kafin ma a zo maganar shari'a.

Wato duk kwanakin da mijina yake cizon matashi, mota tana tsaye a ƙofar gidanmu tana jira ta kai shi wajen likita. Na ji kamar in kurma ihu a tsakiyar asibitin nan.

Likitan ya fito, na roƙi Haji ya faɗa mini abin da yake cewa. Haji ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Likita ya ce mota ta karya, igiya ta kashe. Ya ce in an kawo rana ta farko, ƙarfe kawai, ya tashi. Yanzu shi gwada, Allah ya sani." Maganar nan ta zauna mini a kai har yau.

Kawu ya zo washegari, yana raɓe-raɓe a baranda. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Kawu, ashe masu neman lebura ne?"

Ya ce, "Habsu, ni na san abin da ke ransu? Kin manta ɗana da aka ɗauke a bakin titin nan, sai da muka sayar da gona aka sako shi? Balarabe ya zo ƙofata yana tambayar mutumina, in ce ga shi?"

Ba ƙarya ya yi ba. An ɗauki ɗansa, ina nan aka yi, kuma ba shi kaɗai ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ina son in sami wanda zan zage tas in huce, amma kowa na juya wajensa sai in tarar yana da hujja.

Sati na biyu da na uku a wankin ciwo suka tafi. Kullum da safe sai a yanke ruɓaɓɓen nama a zubar, a wanke, a naɗe. Gado kawai asibiti ke ba ka. Auduga, bandeji, allura, safar hannu, ruwan ƙari, duk sai a rubuta maka ka fita farmasi. Ka je wannan a ce babu, ka je wancan a ce jiya ya ƙare. Aka ce a yi hoton ƙashi, wanda mu muke ce wa radiyo, muka bi layi tun safe, da aka zo kanmu wuta ta ɗauke. Washegari aka ce injin ya lalace, a je waje. Ɗakin maza ne, in lokacin ziyara ya wuce sai a kore ni, in zauna a gindin bango da kwanon abinci a cinya. Tuwo ya mutu. Na sayar da tukunyar gas, na sayar da babbar tukunyata, 'yan kunnen aurena ma suka bi.

Ba zan ci amanar alheri ba. Haji ya ɗauki mafi yawan maganin. Matarsa, wadda ban taɓa gani ba a lokacin, kullum sai ta aiko da taliya da miya da burodi. Da aka ce ana son jini, mutum biyu daga gidanmu suka cije suka zo suka ba da, Allah ya saka musu. Akwai kuma wata ma'aikaciya da ke barina in ƙara 'yan mintoci in ta ga ina ba shi abinci.

Cikin sati na uku aka zauna maganar laifi, a bakin gadon. Ga ɗan sandan, ga Haji, ga wani ɗan ɗan'uwansa mai aikin lauya, mai ƙamshin turare da fuska a ɗaure. Haji ke fassara.

Ɗan sandan ya ce Muftahu bai yi musu ba, ya amsa cewa yana gudu fiye da ƙima. Lauyan ya ce shi ma mai tafiya ya tsallaka inda ba a tsallakawa, ga buhu a kafaɗa ya tare masa gani. Na ce to a nuna mini inda ake tsallakawa a titin nan, tunda na zo garin nan ban taɓa gani ba. Haji bai fassara wannan ba, na lura.

Ɗan sandan ya ce yadda suke yi, in an buge mutum sai su zo su auna inda taya ta ja birki da inda mutumin ya faɗi, su ji bakin waɗanda suka gani, likita ya rubuta raunin a ranar. Da wannan ake raba laifi, da shi kamfanin inshora ke biya. Ya ce su da suka isa wajen, albasa kawai suka tarar a warwatse. Ya tambaya ko akwai shaida.

Shaida! Bakin titin nan cike yake da mazanmu a ranar. Na koma gida na bi su ɗaki-ɗaki. Wannan ya ce yana kallon wani wajen. Wancan ya ce shi bayan an gama ya iso. Wanda ya ba ni labari yana haki ranar da aka turo baro, shi ma ya ce, "Yaya Habsu, ki rufa mini asiri, ko fasfo ba ni da shi." Ko mutum ɗaya ban samu ba.

Da aka sake zama, lauyan ya buɗe takardar likita ya ce abin a fili yake. Karaya ta mota ce, wannan sun ɗauka. Ruɓewa kuwa ba mota ta kawo ta ba. In an je kotu, abin da za a ɗora wa direba shi ne karayar da ke warkewa, ba abin da ya biyo baya ba.

Na ce, "To in ƙafar ta tafi fa, wa zai amsa?"

Lauyan ya ɗaga kafaɗa ya ce in tambayi wanda ya ɗaure.

Na aika a nemo mini maɗori. Aka ce ya yi arewa. Amma bai tafi haka nan ba, sai da ya bar saƙo: wai aikinsa lafiya lau yake tafiya, matar ce ta kwance ɗauri kafin lokaci, iska ta shiga. Jama'a, ku ji fa! Kuma aka sami masu ɗauka. Har gida maganar ta kai, surukata ta kira tana kuka tana cewa me ya kai ni taɓa ɗauri. Mai mota ya ce karaya kawai ya sani. Maɗori ya ce ba shi ba ne. Kawu ya ce kariya ya yi. Masu baro suka ce taimako suka yi. Aka zagaya aka zagaya, laifi ya faɗo kan mai tuwo. Ranar na yi kuka, kuma ba kukan tausayi ba ne, na baƙin ciki ne tsantsa.

Sai maganar tanazul, wato takardar da wanda aka buge ke sa hannu ya ce ya janye ƙara, a saki direba. Waya ta sake ɗaukar zafi. Masu cewa kada ya sa hannu sai an ajiye kuɗi masu nauyi, da masu cewa ya sa maza kafin a tuna da maganar ikama. Ni na ce a jira a ga yadda ƙafar za ta ƙare, don in ya sa hannu ba mu da sauran abin riƙewa.

Baban Nana ya ce, "Habsu, ɗan mutane yana tsare saboda ni, 'ya'yansa na gida. Ya tsaya, mu muka gudu."

Na ce, "Malam, kai fa? In ka sake shi, kai wa zai sake ka?"

Ya ce a kawo tawada. Ya dangwala yatsa ina tsaye ina kallo. Lauyan ya naɗe takarda ya fita, ban sake ganinsa ba. Haji kuwa ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ba gudu." Kuma bai gudu ba, ya ci gaba da sayen magani kamar da. Amma ku gane abin da ke damuna. Abin da da haƙƙinmu ne, wanda za mu karɓa kai a sama, ya koma alfarma. Kullum sai na ce na gode, kuma da gaske nake yi, amma godiyar tana ƙona mini rai.

Aka saki Muftahu. Ya riƙa zuwa kullum, dogo, mara magana. Ba ya shiga ɗakin, a bakin ƙofa yake tsayawa da ledar lemo a hannu. Ni ko kallonsa ba na yi.

A sati na huɗu muka ga haske. Naman ya fara ja, warin ya ragu, likita ya ce wataƙila. Baban Nana ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya fara lissafin cewa zai tarar da yankan dabino. Ni ma na saki jiki, har na yi wa Nana albishir a waya. Bai cika sati ba zazzaɓin ya dawo, baƙin ya fara hawa sama yana neman gwiwa. Likita ya kira ni da Haji ya ce ya yi iya yinsa, yanzu ko ƙafa ko rai, kuma ba a jira.

Ni na faɗa wa Baban Nana. Ya dubi rufin ɗakin, ya ce, "Habsu, mai ƙafa ɗaya yana hawa dabino?"

Washegari da hantsi aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Yanzu muna gida. Dungun ya warke, yana koyon tafiya da sanduna, yana faɗuwa yana tashi. Na sami aron tukunya na koma tuwo, shi ke zama a bakin ƙofa yana miƙa wa mutane. Haji ya ce zai nema masa ƙafar roba, muna jira. Mai gonar Samnu ya riga ya ɗauki wani.

Abin da zan ce muku, 'yan'uwa, ban ce ba a kama mutane a ƙasar nan ba. Ana kamawa, na gani. Amma in mota ta buge naku kuma direba ya tsaya, ku bar shi a inda ya faɗi har a zo a gani, ko ku bi shi asibiti a cikin motar. In jini ya fito tare da ƙashi, ba aikin ɗori ba ne. In yatsu suka yi sanyi, kada ku yi hamdala don zafi ya tafi. Kuma in an buga ƙofa ana neman mara lafiyarku, ku tambayi me ake nema kafin ku ce babu. Wanda aka mayar gida da ƙafa biyu yana iya sake neman abinci. Masu jini, da matan da suka kama mini tabarma, da gidan Haji, Allah ya biya ku. Sauran kuma na bar ku da Allah, don ni ban kai Baban Nana haƙuri ba.

Saura abu ɗaya da ban faɗa wa kowa a waya ba.

Ranar aikin, yana ciki bai farfaɗo ba, wani ma'aikaci ya fito da abu a naɗe cikin farin ƙyalle, da 'yar takarda. Haji ya ce mini ƙafar ce, dangi ke kai ta maƙabarta su binne. Ni mace ce, ba na zuwa. Na kira Kawu. Ya ce hanyar maƙabarta akwai shingen masu bindiga, wa zai bi ta nan da ƙafar mutum a hannu ba shi da takarda? Na kira sauran, kowa ya ce in yi haƙuri. Ma'aikacin yana tsaye yana jira, ni ina tsaye da waya a hannu.

Muftahu ya ajiye ledarsa a ƙasa. Ya matso ya miƙa hannu biyu, ya karɓa, ya rungume ta a ƙirji. Shi da mahaifinsa suka fita, na bi su da ido har suka shiga mota.

Bayan la'asar Baban Nana ya buɗe ido. Ya kai hannu ya shafa bargon inda ya lotsa, ya ce, "An binne ta?"

Na ce an binne.

"Su Kawu suka kai?"

Na ce, "A'a. Wanda ya buge ka."

Mutumin da ya yafe a kan kwalta, ya yafe a gadon asibiti, ban ga hawayensa ba tun ranar da aka turo shi. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ja labule don kada maƙwabtan gado su gani.